Ɗumin Ginshiƙi: Ga Notburga Haslreiter

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, jajibirin azumin Ista, ina bakin shagon burodi da hantsi sai ƙararrawar cocin kan tudu ta fara bugun mutuwa. Na ƙirga, ta tsaya sau biyu, wanda a al'adarmu alama ce ta mutuwar mace. Kafin in kai gida 'yarki Afra ta bugo waya ta ce ke ce. Shekararki tamanin ba ɗaya. Shekara talatin da shida da rabi ke nan ina riƙe da ke a zuciya, Burgl, kuma tun da kin tafi ban sauke wannan kaya a gabanki ba, bari in sauke shi a nan.

Tsofaffin garinmu Eschlried sun san labarin, amma na baya ba su sani ba. A watan Agustan 1988, ranar idin ɗaukar Maryamu zuwa sama, aka ƙaddamar da littafina a kan cocinmu. Shekara tara na yi ina rubuta shi. Malaman jami'a biyu sun zo daga birni, ɗayansu ya riga ya yi mini alkawarin kujerar koyarwa. Bayan addu'ar Mas, coci maƙil da masu ziyara da suka tako a ƙafa daga ƙauyuka, mata riƙe da daurin ganyayen da aka sa wa albarka, na tsaya na bayyana cewa ginshiƙai biyun da ke tsaron bagadi dutsen mabul ne na gaske, ba kamar sauran shidan ba da kowa ya san yaɓe ne. Ina da wasiƙar shugaban sufaye ta 1752 wadda ya aika a sassaƙo dutsen daga bayan tsaunuka. Na karanta ta da Latin, na fassara.

Sai muryarki daga bencin baya: "Korbi, ka taɓa shi kuwa?"

Na ce takardar a bayyane take.

Kika ce, "Takarda ba ta da kunci. Je ka sa naka."

Na je, don ba ni da mafita. Duk wanda ya taɓa zama a kan dutsen kabari ya san dutse sanyi gare shi ko da rani. Wannan ginshiƙi kuwa ɗumi gare shi kamar bayan saniya. Ina manne da kunci a jikinsa kika gaya wa jama'a cewa lallai an sassaƙo dutsen, amma jirgin katakon da ya ɗauko shi ya kife, yana ƙasan kogi har yau. Kakanku na can farko ne ya kwaɓa madadinsa, shugaban sufaye ya ga aikin ya ja bakinsa ya yi shiru. Dariyar ta faro daga wajen mata, ta isa har kan malaman birni.

Kujerar ba ta zo ba. Na ƙare rayuwata ina cusa Latin a kawunan da ba sa so. Littafin yana cikin kwali a ɗakin ƙasa, ɓeraye sun fi kowa saninsa. Duk wanda ya zauna kusa da ni a gidan giya ya ji cewa ke kika kashe ni. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne: shekara tara ina shiga cocin nan da littafi da tabarau, ban ɗora hannu a kan komai ba ko sau ɗaya.

Ke kuwa da hannu kika san shi. Na sha laɓewa bayan akwatin iƙirari ina kallon ki kina aiki, ina tsammanin ba ki gan ni ba. Ki tankaɗe farar ƙasa, ki zuba ruwan gam ɗin da kika dafa daga fata, ki murza kamar mai kwaɓa burodi. Curi-curi, kowanne da launinsa, kuma kowane launi da sunan da kuka raɗa masa a gidanku: man shanu, ganyen kabeji, tokar murhu. Jan nan mai duhu na ginshiƙan bagadi, mai jijiyoyi fari-fari, shi ne hantar maraƙi. Ki haɗa curin, ki yanka shi fale-fale kamar tsiran alade, ki manna a jikin ginshiƙi. A ranar abin ba ya da kyan gani, kamar an watsa wa bango miya. Sai ki bi shi da duwatsun guga bakwai, daga mai kaushi zuwa mai santsi, mako bayan mako, sannan mai da kakin zuma, har tagogin sama su fara bayyana a cikinsa.

Mutane suna shigowa su ɗaga kai su ga Maryamu tana hawa cikin gajimare, su ga hasken da ba a san ta inda yake shigowa ba, su ga mala'ikan nan da aka zana jikinsa a rufi amma ƙafarsa ta yaɓe ce, tana reto a kan mutane. Su ɗauki hoto su fita neman kofi. Ba su san ƙafar ta faɗo a shekarar babbar dusar ƙanƙara ba, ba su san wadda suke gani taki ce ba, kuma ƙafar Afra kika kwaikwaya tana jaririya. Da kika rasu, jaridar gunduma ta ba ki layi uku, ta kira ki mai fenti. Ofishin kula da tsofaffin gine-gine ya aiko da fure, an rubuta sunanki ba daidai ba.

Na ga ranar da makaho ya zo cikin ayarin masu ziyara, 'yan'uwansa suna ta kallon rufi, shi yana tsaye a gefe. Kika ajiye aiki, kika wanke hannu, kika zagaya da shi ginshiƙi bayan ginshiƙi, kina ɗora tafinsa kina gaya masa sunan kowane launi. Da kuka kai kan hantar maraƙi ya yi dariya ya ce yanzu ya ga cocin.

Akwai kuma allon mahaifiyata. A cikin allunan godiya da ke rataye a lungun hagu akwai wanda ta sa aka zana a 1951, lokacin da ciwon maƙogwaro ya kusa ɗauke ni: yaro a kan gado, mace a durƙushe, a ƙasa an rubuta cewa Maryamu ta taimaka. Hayaƙin kyandir ya daɗe da mayar da shi baƙi. Mako biyu bayan na binne matata Theres, na shiga na tarar da shi fes, har ɗigon jan da ke ɗankwalin mahaifiyata ya fito. Ba wanda ya sa ki. Ba ki taɓa ambata ba. Ni ma ban taɓa gode miki ba.

Abu ɗaya kika roƙe ni a duniya. Damshi ya ci gindin ginshiƙin hagu na bagadi, aka ce ke kaɗai za ki iya gyara shi. Kika tare ni a maƙabarta ranar idin dukan tsarkaka, a Nuwamban da ya wuce, kowa yana kunna kyandir a kan kabarin nasa.

"Dakta, har yanzu fushin ne? Fuskarka ta fi kabejin bara tsami. Zo ka rubuta mini yadda ake haɗa hantar maraƙin nan. Hannuna ya sani, bakina bai sani ba. In aka ce nawa ake zubawa, sai in ce har sai ya yi. Afra ta zaɓi aikin asibiti, ba ta dawowa kan farar ƙasa. Kai ka iya zama ka zuba ido ka rubuta. Ko ba komai wannan dai ka iya."

Na ce, "Ki nemi mai kunci."

Kika yi dariya, ba ki ji haushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. A watan Janairu kika sake tare ni a ƙofar coci, hannayenki sun kumbura da sanyi. Wannan karon na ce zan zo, amma sai bayan Ista, in gari ya yi ɗumi. Ba sanyi nake gudu ba. So nake ki jira ni, ko da wata uku ne, ki ɗanɗana.

Kika ce, "To, bayan Ista. Ka zo da fensir biyu, na san ka da dogon bayani."

Ubangiji Ya ba ki hutawa ta har abada, Burgl, Ya haskaka ki da hasken da ba ya mutuwa. Maryamun da kika share wa ƙura shekara sittin ta tarbe ki a ƙofa. Ke kuma Afra, da mijinki Vitus, da jikokin marigayiya, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya cika muku gurbin da ta bari. In akwai mai neman gafararku a garin nan, ni ne.

Jiya na hau tudu bayan kowa ya watse daga jana'izarki. Na sa kuncina a ginshiƙin dama, ko a sanyin Maris bai cije ni ba. Na hagu yana nan yadda kika bar shi, fari fat daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum, duwatsun gugarki bakwai jere a kan tsumma, curi ɗaya ya bushe a cikin bokiti. Fadan coci ya ce za a turo masana su gwada. Mutum takwas ne suka san wannan haɗin tun 1752, ɗaya bayan ɗaya. Ke ce ta takwas, kuma ba a rubuta shi ba.