Kurkukun Kawu

Abin da na fara lura da shi da muka sauka daga taksin Parakou ni da Mama shi ne ƙofar zauren Kaka a rufe, da rana tsaka. Gidanmu na Djougou gidan fataken goro ne tun kakanni, kuma idan matafiyi ya dawo, tabarmi ake shimfiɗawa har bakin titi a zo jin labarin hanya. Ga Kawu, ƙanen Mama, ya dawo daga Faransa bayan shekaru masu yawa, amma ko tabarma ɗaya ban gani ba.

Hutun lakol ne, an rufe makarantu. Ni ba mai magana ba ce, shi ya sa manya kan manta ina ɗaki. Da haka na ji yadda aka yi ran da ya iso. Kaka ta tambaye shi garin da ya fi daɗewa.

"Ba a ba mu izinin faɗa ba, Inna."

"To mutanen can, me suke ci?"

"Ban gan su ba. Babu taga."

Ya ce aikin soja yake yi a jirgin da ke tafiya ƙarƙashin teku. Aka ce masa sannu da ƙoƙari, aka tashi.

Inna Babba, yayar Mama, ita ta warware zancen a madafa, tana dakan sakwara. "Ni na taɓa kai wa wani abinci gidan kaso," in ji ta. "Haka suke fitowa. Dubi fatarsa, ta ga rana? Wata da watanni ba waya, sai ya ce yana cikin ruwa. Kifi ne shi?"

Na duba, kuma duk abin da na gani yana goyon bayanta. Kawu kan cinye abincinsa kafin mu gama wanke hannu. An ba shi gado mai faɗi, amma a gefe yake kwanciya, hannuwa a ƙirji. Ruwan da wasu ke alwala da shi ya ishe shi wanka. Yakan sunkuyar da kai a ƙofar da ta fi shi tsawo, ya ajiye kofi ba ka ji ƙararsa ba.

Kaka ta yafe masa laifin da ba ta sani ba. Ta daina zuwa suna da biki don kada a yi mata jaje, amma tana cin abinci, tana barci, tana kuma tura masa wagashi, cukun Fulani, mafi girma a kwano. Kowace safiya in ya gaishe ta sai ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Shi kuwa ya amsa da amin, bai san da shi ake ba.

Wata la'asar na same shi gindin mangwaro, ido a rufe. Bai buɗe ba ya ce, "'Yar lakol, takalminki na hagu ya tsinke." Aikinsa ke nan a jirgin, saurare. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na faɗa masa abin da ake cewa. Ya yi dariya marar sauti har da hawaye, sannan ya ciro waya ya nuna mini hoton wani dogon baƙin abu, kamar tankin mai da ya faɗa ruwa. Ƙarƙashinsa an rubuta tarihin jirgin da Faransanci: yadda aka ƙera shi, tekunan da ya ratsa, gyaran da aka yi masa, har zuwa ritayarsa.

"Su an ba su izinin faɗa," ya ce. "Ni ne ba a ba ni ba. Je ki karanta mata."

Na karanta wa Kaka ina juyawa da Hausa. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta.

"Ke 'yar Parakou, idan mutum ya gaji, yana iya fita ya sha iska?"

"A'a, Kaka. Inji ne ke yi musu iskar."

"Wannan wutar nukiliya da kika ce ba ta mutuwa, a ina take?"

"Cikin jirgin. Tare suke."

"Wane alƙali ya tura shi?"

"Ba kowa. Shi ya nema."

"Shi ya nema," ta maimaita. Da na kai wurin ritaya sai ta ce alhamdu lillahi. Kawu, da ke tsaye bakin ƙofa, ya ce an ƙera sabo, wanda ya fi wancan nitsewa, kuma can zai koma bayan hutu.

Washegari aka buɗe zaure, aka shimfiɗa tabarmi. Dattawan unguwa suka zo, liman ya yi ta tambayar yadda ake gane alƙibla a ƙasan teku. Inna Babba ta ce ita dama ta san yaron nan ba zai yi abin kunya ba. Mutuncin gida ya dawo, Kaka kuwa ta daina cin abinci. Na gan ta tsaye bakin rijiya tana kallon guga har ya ɓace cikin duhu. Ta ce da Mama, "Ɗan kaso ko ba komai uwarsa ta san yana bisa ƙasa."

Kawu ya biyo mu Parakou zai wuce Kwatano. A ƙofar gidanmu na Banikanni, mai zemijan na jiransa a kan babur, ya tambaye ni tsarabar da nake so idan ya sake zuwa. Na kalli ƙasa, don ban iya kallon manya in ina magana.

"Kawu, don Allah in ka isa ka kira Kaka," na ce. "Ka ce mata hoton nan ba naka ba ne. Ka ce kurkukun ka koma."