Ciwon Gwaggo a Birmingham

Ni dai tunda nake ban taɓa buɗe baki na ce ba ni da lafiya ba. Haka aka raine mu. Ko ƙafar mutum ce ta karye, in aka ce yaya jiki, sai ya ce da sauƙi. Da wannan hali na zo Manchester zama wurin 'yata, wadda likita ce, kuma tana koyar da ɗalibai a jami'a. Ita ce 'yar fari, ko sunanta ba na faɗa, balle in zaunar da ita in yi mata ƙorafin jikina.

To, a shekarun da suka biyo bayan yaƙin Iraki, aka riƙa kawo likitocin can su ga yadda ake koyarwa a nan, su koma su tayar da makarantunsu. Aka ba mu ɗaya ta sauka a gidanmu na Withington, a ɗakin sama. Doguwar mace ce, sa'ar 'yata, mai zuba sukari a shayi kamar ba za a sake yin wani ba. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin Turanci, Larabcina kuwa na salla ne. Duk da haka muka shaƙu. Takan bi ni Cheetham Hill sayen kuɓewa, ta zo ta dafa ta guda-guda a cikin tumatir, babu yauƙi ko kaɗan. Nakan ci don kada ta ji kunya, ina tausayin kuɓewar a zuciyata.

Damuwarta ɗaya ce, kuma 'yata ta bayyana mini ita. Makarantarsu an kwashe kayan aikinta, manyan malamai sun gudu, ɗalibai ga su nan birjik, hanyar zuwa asibiti kuma ba kullum take biyuwa ba. Sai ta zo nan ta ga wata dabara: a zaunar da mutum lafiyayye, a koya masa wata cuta, ɗalibi ya yi ta tambayar sa har ya gano ta. Ba a bukatar komai sai kujera da mutum. Amma mazan da suka zo tare suka ce wannan aikin Turawa ne, iyayensu mata ba za su yarda su kira cuta da bakinsu ba. Aka sa ranar taro a Birmingham, inda masu taimaka musu za su yanke ko a tura malamai su kafa wannan aiki a makarantarta, ko a bar zancen. Dole ta nuna musu da tsohuwa Musulma irin tasu. Tsohuwar da ke kusa kuwa ni ce.

'Yata ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Da ganin wannan zama na san da magana.

"Inna, alfarma ake nema. Za ki yi kamar ba ki da lafiya."

"Ina zaman zamana, in kira cuta da bakina?"

"Wasa ne fa, Inna. It's just practice."

"Mala'iku sun san wasa ne?"

"Sun sani."

"Ke kika gaya musu?"

Na ɗaga kai na ga baƙuwar tsaye a bakin kicin, riƙe da kofin shayi, tana kallon bakina kamar a can aka ajiye makarantar tata. Baƙo ba ya roƙo a gidana a hana shi. Na ce to.

Suka koya mini ciwon ciki: inda yake murɗawa, lokacin da yake tashi, abin da ke kwantar da shi. Na haddace tsaf. Aka jera kujeru a falo, baƙuwa na tambaya, 'yata na fassara.

"Hajja, me ke damun ki?"

"Babu komai, alhamdulillahi."

"Alhamdulillah," in ji ta, don ita ma bakinta ya saba. "Yaya cin abinci?"

"Sai godiya."

"Barci fa?"

"Lafiya lau."

'Yata ta dafe kai. "Inna, cikin. Cikin fa?"

"Yana nan inda Allah ya ajiye shi."

Muka sake, muka kuma sakewa, kullum a nan muke tsayawa. Ba taurin kai ba ne. Nakan ɗauko maganar tun daga ƙirji, tana isowa harshe sai ta zama godiya. Baƙuwar ta yi dariya har da hawaye, ta ce wallahi mahaifiyarta sak. Can kuma na ga dariyar ta ƙare, hawayen bai ƙare ba.

Ranar taro muka kama hanya a motar 'yata. Da muka kusa Birmingham na ga tituna sun hau kan juna sun cukurkuɗe kamar taliya a tukunya, na rufe ido ina salati har muka sauka a Perry Barr. Zauren cike yake da Turawa da likitocin Iraki. An ajiye kujeru biyu suna kallon juna, ta uku a gefe don mai fassara. A sahun gaba akwai wani dattijo mai sanƙo yana jan carbi. 'Yata ta raɗa mini cewa shi ne shugaban masu cewa ba za ta yiwu ba.

Na zauna, na gyara mayafi, na yi wa kaina alkawari yau sai na faɗi cikin nan. Baƙuwar ta zauna a gabana ta fara tambaya.

"Hajja, me ke damun ki?"

"Lafiya lau."

'Yata ta fassara, don babu yadda za ta yi. Mai sanƙo ya faɗi wata magana da Larabci, 'yan'uwansa suka kwashe da dariya. Na dubi baƙuwata, na ga ta sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci da kaina.

Sai ta jawo kujerarta kusa, ta kama hannuna, ta yi magana a hankali. 'Yata ta ce, "Wai ke lafiyarki ƙalau, Allah ya ƙara miki. Amma a garinku babu wata tsohuwa mai yawan ƙorafi?"

Akwai mana. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, Allah ya jiƙanta. Matar da in ka gaishe ta da hantsi sai azahar ta sallame ka. Kuma ba da labarin wani ai sana'ata ce. Na yi shekaru ina yi wa yara tatsuniya a tsakar gida, in yi muryar kura in yi ta tsohuwa, babu wanda ya taɓa ce mini maƙaryaciya. Na sunkuyar da kafaɗa, na karkace baki yadda Gwaggo ke yi, sai ga muryarta ta fito.

"Yarinya, ki tambayi inda ba ya ciwo, shi ya fi gajarta."

Ciwon cikin da aka koya mini ya bi iska. Baƙuwa na tambaya, Gwaggo na zubawa. Ƙishirwa ba ta barin ta, ta sha ruwa ta sha, maƙogwaro a bushe. Zagayawa kuwa ba a magana, ba ta gama alwala ba wata ta kama ta. Ido ya yi hazo, zare ba ya shiga allura.

"Ƙafafu fa, Hajja?"

"Ƙafafu ba nawa ba ne, aro aka ba ni. Ran nan na fita zuba shara a kwandon council, wato hukumar unguwa, babu takalmi, ƙanƙara ta rufe ƙasa fari fat, ko sanyi ban ji ba."

A nan 'yata ta juyo ta dube ni kafin ta fassara. Ban kula ba, Gwaggo ta riga ta yi nisa.

"Sukari nawa kike sa wa shayi?"

"Bai kai naki ba."

Wannan karon har Turawa suka yi dariya. Baƙuwa ta juya ga jama'a ta faɗi sunan cutar, ciwon sukari, ta bi musu tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya yadda za ta bi wa ɗalibai.

Mai sanƙo ya miƙe ya ce shi ma zai gwada. Ya zauna a gabana ya jefo tambaya kai tsaye. Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai, a gidanku ba a sallama?"

'Yata ta fassara har da karkata kai. Bawan Allah ya tashi ya koma baya, ya yi sallama, ya tambayi gida da iyali, sannan aka ba shi izinin zama. Da ya gama ya share sanƙonsa, ya ce in haka ne yana da suruka da za ta iya horar da makaranta guda ita kaɗai. Kafin la'asar aka amince za a tura malaman.

Muka shiga mota, muka wuce taliyar titunan nan. Sannan 'yata ta ce, idonta na kan titi, "Inna, yaushe Gwaggo ta zo Ingila?"

Na juya ina kallon taga, ita kuwa ta ci gaba.

"Matar da ko Zariya ba ta taɓa zuwa ba. A ina ta taka ƙanƙara? Wace council ce ta ba ta kwandon shara?"

Na ce labari ai yakan ɗauki abin da ya tarar a hanya. Baƙuwa daga kujerar baya ta miƙo hannu ta dafa kafaɗata, na gane ita ma tun a zaure ta sani.

"Monday, GP," in ji 'yata, wato Litinin sai wurin likita. "Tare za mu je."

Muka je. Likitan ya tambaye ni yaya jiki, na ce da sauƙi. 'Yata ta ce masa ya bar ni, ya tambayi lafiyar Gwaggo. Aka ɗebi jini, aka samu sukarin, aka ɗora ni a kan magani, aka ɗauke gwangwanin sukari daga inda hannuna ke kaiwa.

Bayan baƙuwa ta koma, takan bugo waya in layi ya yi kyau. Ta ce yanzu mahaifiyarta ce ke zama a kujerar, da ciwon wata maƙwabciyarsu da ta rasu, kuma ɗalibai sun fi tsoron ta a kan jarrabawa. In an ba ni wayar mukan yi sallama, mu yi alhamdulillahi, ni da Hausa ita da Larabci. Daga nan sai ta faɗi kalmomin da ta koya a gidanmu, ta ce, "Hajja, yaya Gwaggo?"

In 'yata ba ta kusa, nakan gaya mata gaskiya.