Kiran da Mataccen Kunnena Ya Ji

Jama'a, wallahi abin nan da zan gaya muku a kaina ya faru, ba labari aka ba ni ba. Shekarun baya ne, lokacin ina tuƙa wani dattijo ɗan kasuwa a Nassarawa GRA, cikin irin tsofaffin gidajen nan masu fili kamar gona, mangwaro ta ko'ina, ɗakin janareto can ƙurya kusa da akurkin tantabarunsa. Da safe in taso daga Tudun Murtala, ba na komawa sai magariba.

To ni kunnena na hagu matacce ne, sanƙarau ya tafi da shi tun ina yaro. Na dama kuwa garau yake, sai dai ina jin kira amma ban san ta ina ya fito ba. Shi kuma Alhaji, Allah ya jiƙansa, yana da wata ɗabi'a: ba ya kira sau biyu. Ko yana baranda ko yana can wajen tantabaru, sau ɗaya zai ce "Direba," sai ka gan ni ina ta juyi a tsakar gida kamar wanda ya yar da makulli. A haka muka shekara da shekaru, ya saba na saba, har aka ɗauko Isuhu.

Isuhu mai kula da shuke-shuke ne, magidanci daga wani ƙauyen Katsina, ga fara'a ga rawar kai. Alhaji ko tari ya yi, kafin in gama juyina Isuhu ya isa har ya durƙusa yana "ranka ya daɗe." Ba zan ɓoye muku ba, kishinsa nake yi, kishi mai cin rai. Ni da na tsufa a kan sitiyarin mutumin nan har gobe "Direba" nake, shi kuwa daga zuwansa an riƙe sunansa, Isuhu kawo ruwa, Isuhu zo ka ji. Ran nan da kunnena mai kyau na ji Alhaji na ce wa Hajiya gara Isuhu ya koyi mota. Makullin motar nan kuwa shi ne abincina, shi ne mutuncina a gidan.

Babbar 'yar Alhaji likitar kunne ce, Anti Dokta muke ce mata. Wata rana ta zaunar da ni a kujera, ta ce in rufe ido, tana zagaya ni tana ƙyasta yatsa, wai in nuna inda take. Ta yi dama in nuna gaba, ta yi baya in nuna dama. Aka zaunar da Isuhu, ko sau ɗaya bai kuskure ba, har da murmushinsa na ganin dama, kukun gidan na ta dariya.

Ta ce min, "Malam, ba laifinka ba ne. Ƙara in ta taso daga dama, kunnen dama take fara isa kafin ta kai na hagu, da 'yar tazarar da ƙiftawar ido ma ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Akwai wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwa da aikinsu ke nan, su gwada wane kunne ya riga ji, sannan su gaya maka ta ina. Kai saƙo ɗaya ke isa gare su, ba su da abin gwadawa."

Na ce babu magani? Ta ce sai haƙuri.

To wata ranar bayan la'asar an ɗauke wuta, janareto na ta ruri, ina wanke mota, Isuhu na gefena da tiyo yana ban ruwa. Kawai sai na ji muryar Alhaji, a hankali, ya ce, "Isuhu." Jama'a, a kunnen hagu na ji, mataccen. Kuma tunda nake ban taɓa sanin inda ƙara ta fito ba sai ranar, kamar an kama haɓata an juya ta, bayan ɗakin janareto. Amma ko a lokacin abin da ya fara zuwar min shi ne, ka ji, Isuhun dai.

Na ce masa, "Ubangidanka na kira."

Ya ce, "Ni ban ji komi ba, Baba Direba. Alhaji ai yana ciki yana hutawa. Yau kuma kai ne mai jin kira?" Ya ci gaba da ban ruwansa yana dariya.

Na ajiye soso na nufi wajen, ina cewa a raina yau Alhaji zai ga wanda ya amsa da wanda ya yi biris. Ina shan kwana na tarar da shi kwance tsakanin bango da akurki, dawar tantabaru ta zube a kan rigarsa, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya saki. Ni na kinkimo shi, ni na tuƙa zuwa asibiti ina ta ƙwaɗa oda, Isuhu na baya ya ɗora kan Alhaji a cinyarsa.

Da na ba Anti Dokta labari ta ce min ba zai yiwu ba, a halin da aka kawo shi ko "uhm" ba zai iya cewa ba, balle a ji shi ta cikin rurin janareto. Ta sake auna kunnen da na'urarta, matacce ne kamar jiya.

Alhaji ya tashi, magana ta dawo masa kaɗan-kaɗan. Ina tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Bakina ya ƙi motsi, sai na kira Isuhu a zuciyata, Allah ya yi masa albarka, ya zo." Hajiya ta ce a'a Alhaji, Direba ne ya tsince ka. Ya girgiza kai, shi dai fuskar Isuhu ya gani da ya buɗe ido a mota. Bai rasu ba sai da ya damƙa wa Isuhu makullin nan da hannunsa mai lafiya, ni kuma aka sallame ni da godiya da turmin shadda.

Yanzu a-daidaita-sahu nake ja. Har yau, jefi-jefi bayan la'asar, sai in ji "Isuhu" a kunnen nan na hagu, a hankali, sau ɗaya. Ko ina Badawa ko ina Tudun Wada, in na waiga sai in tarar maƙabartar da muka kai Alhaji nake fuskanta. Shi ya sa nake ce muku, in kun ji kira ku waiga ko ba sunanku ba ne, ku kuma yawaita addu'a, don ba kowane mai kira ne yake da baki ba.

Kwanaki muka haɗu da Isuhu a cunkoso, yana cikin motar nan, ya sauke gilashi muka gaisa. Na tambaye shi ko yana jin wani abu da la'asar. Ya ce wallahi shi bai taɓa jin komi ba.