Watan da Yayata Ta Ɗinka

Yayata tela ce, kuma ba irin masu taɓa keke don marmari ba. Tun ban san hagu da dama ba nake jin ƙarar kekenta. Shagonta ɗaki ɗaya ne a gaban gida, da teburin yanka, da kwandon ƙyallaye da ba ya taɓa raguwa, da babbar taga mai kallon inda rana ke faɗuwa. Ni aikina guga da sa maɓalli, sai kuma surutu, wanda Yaya ta ce shi kaɗai na ƙware a kai.

Kullum za ka same ta da fil a baki, tana magana ta gefe ɗaya, tef ɗin awo a wuya. Har asibiti ta taɓa zuwa da shi ba ta sani ba. Tana da sauƙin kai a komai, ban da abu guda: ba a ɗora alli a fuskar yadi. Duk zanen da za a yi, sai an kifa yadin an yi shi a baya, inda mai kaya ba zai gani ba. Na sha duka a bayan hannu kan wannan, har yanzu in na ɗauki alli sai na waiga.

'Ya'yanta biyu. Babbar muna ce mata Tsuntsuwa, don tun da ta buɗe baki ba ta rufe ba. Ƙaninta Auta kuwa bai san komai ba sai sa abu a baki. To, ba a daɗe da sa Tsuntsuwa a makaranta ba sai gidan ya yi tsit. An kira ta gaban allo, ta rubuta harafi a juye, 'yan ajin suka kwashe da dariya. Daga ranar, duk safiya sai ciwon ciki. Da Yaya ta matsa mata, sai ta ce cikin ƙaramar murya, "Mama, ni kaina ba ya ɗauka."

Wallahi maganar nan ta ƙona min rai. Na ce a bar ni in je in ji da yaran nan ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta cire fil ɗin bakinta, abin da ba ta cika yi ba, ta ce, "Zauna, sarkin faɗa. Yarinyar da ta ce kanta ba ya ɗauka, ko ta koma ajin jikinta ne kawai ya koma. Zan ajiye ta a nan tukuna, sai ta yarda da kanta." Ta kira babansu, wanda ke hanya da babbar mota, ya ce ta yi abin da ta ga ya dace.

Ranar da makarantar shago ta buɗe, Yaya har rawa take. Ta zuba yashi a tire don a zana haruffa da yatsa. Tsuntsuwa ta ɓoye hannayenta a baya. Yaya ta jera maɓallai suka zama harafi, yarinyar ta kau da kai, Auta ya lallaɓo ya sa guda a baki, muka bi shi da gudu har ƙarƙashin tebur. Aka lanƙwasa tef, aka murɗa zare, aka yi waƙa, duk a banza. Da an ce harafi sai ta yi kicin-kicin, ta koma bayan kwandon ƙyallaye.

Wata ne ya cece mu. Wani yammaci muna shirin rufe shago, Tsuntsuwa ta tsaya a taga ta ce, "Anti, wa ya yanke shi?" Na duba, ashe jinjirin wata take nufi. Kafin in ƙirƙiro ƙarya, Yaya ta yi tsalle daga kan keke kamar an ɗana mata wuta.

Washegari da rana tsaka ta sa muka rufe taga da ƙofa. Ta ba ni tocila ta ce ni ce rana, in tsaya wuri ɗaya kar in motsa. Ta soka wa dunƙulen farin zare tsinke, ta damƙa wa Tsuntsuwa ta ce ga wata, yarinyar ta miƙe hannu da shi ta riƙa juya jikinta a hankali. Hasken ya kama gefen dunƙulen siriri, ya yi rabi, ya cika, ya soma ja da baya. Yarinyar ta ƙwala ihu, "Ba yanke shi aka yi ba! Yana nan duka, duhu ne ya ɓoye shi!" Ta sake juyawa, ta sake, har jiri ya kwashe ta ta faɗa cikin kwando tana dariya. Wata mata da ta zo karɓar rigarta ta same mu a duhu muna shewa, ta tsaya a bakin ƙofa tana tambaya ko lafiya.

Shi ke nan, gidanmu ya zama gidan wata. Da faɗuwar rana sai a yi ta rige-rigen gano shi. Tsuntsuwa ta ɗauki babban farin maɓalli tana rufe shi da babban yatsa daidai da yadda ta gani a sama. Da ya cika muka fita ta gabashin gidan muka tarye shi, Auta yana miƙa hannu a ba shi. Da ya soma ramewa, ita ta gano cewa da safe ma ana ganinsa, ta zo ta ja zanen uwarta sai ta fito ta gani. Bakinta ya dawo, har na soma kewar shirun. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa alli ba, kuma na ga abin yana cin Yaya.

Da watan ya ɓace gaba ɗaya, Yaya ta ja ni gefe, idonta na ƙyalli. "Na samo dabara. Zan haɗa mata su a wuri ɗaya. In tana son watan, dole ta kalli maƙwabtansa."

Ta ciro wani shuɗin yadi mai duhu da ta daɗe tana rowarsa, ta ce labule za a yi wa tagar. A sama wata, daga jinjiri har cika har ramewa, a ƙasa kuma haruffa duka. Ta kifa yadin ta zana komai da alli, tsaf, kai ka ce bugawa aka yi. Ta shimfiɗa ƙyallaye ta ɓangaren fuska, fari mai sheƙi wurin wata, masu launi wurin haruffa, ta kafe su da fil, sannan ta bi layin allin da keke ta baya. Abin da ya rage shi ne a juya a datse ragowar ƙyallen da ke wajen ɗinki, sai siffar ta fito. Wannan ta ce ba mai taɓawa, aikin Tsuntsuwa ne. Kwanaki ta yi tana satar lokaci tsakanin ɗinkin mutane, tana ba masu kaya haƙuri, in yarinyar ta shigo ta yi wuf ta rufe da wani yadin.

Ranar da muke sa ran sabon wata zai fito, Yaya ta kasa zama. Ta share shago, ta kori wani mai neman a rage masa wando ta ce gobe. Da rana ta yi ƙasa ta shimfiɗa labulen a tebur, ta miƙa wa Tsuntsuwa ƙaramin almakashi. "Fara daga nan. Akwai abin da ke ɓoye a ƙarƙashi."

Yarinyar ta fito da harshe gefe tana datsa. Jinjirin wata ya bayyana, fari fat yana sheƙi a kan shuɗi. Muka yi tafi, Auta ya taya mu bai san dalili ba. Muka ɗaga labulen ni da Yaya muka kara a gefen taga, sai ga na gaskiya can sama da rufin maƙwabta, siriri. Tsuntsuwa ta kalli wancan, ta kalli wannan, ta karkata kai.

"Mama, naki ya juya wa rana baya."

"Kamar yaya?"

"Na sama cikinsa yana kallon inda rana ta shiga. Naki can yake kallo."

Yaya ta ce, "Ni da na zana shi da hannuna? Sai dai in na saman ne ya fito a karkace yau."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga fuskarta ta sauya. Ta mayar da labulen tebur, ta fizgi almakashin ta sauko layin haruffa, ta datse na farko. A ya fito lafiya lau. Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce, "Kun gani?" Ta datse na biyu. B ya fito da tumbinsa a hagu. Ta datse C, ya buɗe baki ta inda bai kamata ba. Abin da ta zana daidai a baya, da aka juya fuska duk ya koma baibai. A ɗin ma don gefensa biyu iri ɗaya ne ya tsira.

Yaya ta zauna daɓas a kujerar keke. Tun da nake ban taɓa ganin ta ɓata yadi ba, yau ga wanda ta fi so ta ɓata, a gaban yarinyar da take son nuna wa daidai. Ta dafe kai ta ce, "Na zo gyara na ƙara lalatawa. Yanzu me zan ce mata?" Dariyar da ke bakina ta gudu, tausayinta ya kama ni.

Tsuntsuwa ta matso tebur ta ɗora yatsa a kan B ɗin. "Wannan ba haka yake ba. Cikinsa nan ya kamata ya kalla."

Muka dubi juna ni da Yaya. Ashe duk kau da kan nan tana gani ta wutsiyar ido.

Ta juya ta leƙa fuskar uwarta. "Mama, ke ma kina juyawa?"

"Ga shi kuwa kin gani. Duka na juya, ba ɗaya ba."

"Amma ke babba ce. Kuma kin iya komai."

"To, ga babba ta juya wata sukutum."

Yarinyar ta sake duban labulen. Sai ta dube ni da gargaɗi, ta ce, "Anti, kar ki yi mata dariya." Na ce wa ya isa.

Ta zagaya ta ɗauko guntun alli a gefen keke. Ta ja layi a kan katakon tebur, ta yi masa ciki biyu a dama, ƙato, a ɗan karkace, amma daidai. Ta sa allin a hannun Yaya, ta ɗora ɗan hannunta a kai, ta ja shi zuwa tebur.

"Zo in nuna miki. Ki fara da sanda tukuna. A hankali, Mama, kar ki ji tsoro."

Yaya ta bi hannun 'yarta, hawaye na ɗiga a kan katakon. Tsuntsuwa ta goge su da gwiwar hannu don kar su ɓata mata rubutu, ta ce, "Yawwa. Saura na gaba."