Na Ɗauki Hoton Shafi Ɗaya, Na Bar Na Biyun

Edita, bayan gaisuwa, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana cin raina. Ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa. A lokacin da abin ya faru ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Goronyo. Shekaruna talatin da 'yan kai, ina da mata da 'ya'ya biyu, da sabon babur, da girman kai wanda ya fi babur ɗin nauyi. Ni ɗan gidan malamai ne a Wurno. Mahaifina ya tsufa a kan buzu, masu ɗaukar karatu na zuwa zaurensa daga Rabah da Magarya, wasunsu da furfura. Cikin 'ya'yansa ni kaɗai na yi nisa a boko, kuma ina taƙama da hakan a gaban 'yan uwana. Amma can ƙasan zuciyata babu abin da nake kwaɗayi kamar wata rana Baba ya tambaye ni wani abu na karatuna, ya kuma saurara. Bai taɓa yi ba. In na zo gida ranar Asabar sai ya tambayi lafiyar iyali da yadda albasa ta yi bana, shi ke nan.

Yadda nake koyarwa ma abin kunya ne in na tuna. Duk lokacin da darasi ya kai kan asalin halittu ko shekarun duniya, sai in ce wa ɗalibai su rubuta don jarrabawa, in an gama su wanke kansu da shi. Na raba kaina gida biyu, ɗaya na aji ɗaya na masallaci, ban taɓa barin su gaisa ba. Ba don na yi tunani na gano sun saɓa ba, tsoron tunanin nake yi.

Ana nan aka turo mana sabon malamin labarin ƙasa, mutumin kudancin Kaduna, Kirista ɗan ɗariƙar Katolika. Siriri ne, ga sanyin magana, ga Hausa a bakinsa kamar a nan aka haife shi. Ya yi shekaru a makarantar da ake horar da limaman cocinsu, ya karanta falsafa, sannan ya fita kafin a naɗa shi ya kama koyarwa. Da farko na ja shi a jiki, don ina son a ga ni wayayye ne mai abokai kowane iri. A wannan shekarar sai ruwa ya yi jinkiri, gero ya fara lanƙwasa, aka fita sallar roƙon ruwa. Washegari wata ɗaliba ta ɗaga hannu a ajina ta ce in dai rana ce ke ɗaga tururi daga ruwa ya zama girgije, to me muka je roƙa jiya. Na daka mata tsawa, na ce ta tuba ta zauna. Ba ta haƙura ba, ta kai tambayar ajinsa. Shi kuwa ya ce mata tambaya ce mai kyau. Ya ce in ta ga gonar albasa ta sha ruwa, za ta iya cewa injin ban-ruwa ne ya shayar da ita, za ta iya cewa manomi ne, kuma duka biyun gaskiya ne, don ɗaya amsar yadda aka yi ce, ɗaya amsar wanda ya nufa. Ya ce kimiyya tana bin sawun yadda Allah ya tsara aikinsa ne, ba ta da ma'aunin da za ta auna mai aikin. Ya ƙara da cewa sauran bayanin ta nema wajen malaman addininta, sun fi shi sanin yadda za su faɗa mata.

Ni da bakina na kai wa Baba labarin, a matsayin abin dariya, ina jiran ya ɗaure fuska ya ce ga irin abin da boko ke jawowa. Sai ya sa na maimaita masa misalin injin, sannan ya ce in kawo masa mutumin. Asabar ta gaba na goyo shi a babur ɗina har Wurno. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya yi gaisuwa, Baba ya nuna masa tabarmar da ke kusa da buzunsa. Tun bayan azahar suke magana har aka kira la'asar. Baba ya yi masa bayanin sababi da Mai halittar sababi, da yadda malaman tauhidi suka tattauna ko wuta ce ke ƙonawa da kanta. Shi kuma ya ce a makarantarsu an koya musu cewa gaskiya ba ta karo da gaskiya, tunda hankali da wahayi duk daga wuri ɗaya suka fito, in aka ga kamar sun yi karo to mai karatun ne bai gama fahimtar ɗaya daga ciki ba. Baba bai ɓoye masa inda suka rabu ba, ya faɗa masa ƙarara cewa a kan kaɗaita Allah da matsayin Annabi Isa ba za su taɓa haɗuwa ba. Baƙon ya ce ya sani, kuma bai zo don a haɗu a nan ba. Ranar na ji Baba ya yi wata dariya da ban taɓa jin ya yi da ni ba.

Daga nan zuwan ya zama kusan kowane mako, kuma ni ne direba. Ashe malamin yana rubuta wani ɗan littafi da Hausa don matasan cocinsu, waɗanda in sun shiga jami'a suka karanta kimiyya sai su dawo gida suna ganin addini tatsuniya ce. Ya roƙi Baba ya saurari rubutun ya gyara masa inda hujja ta yi rauni. Baba ba ya karanta boko, idonsa ma ya yi rauni, don haka ni aka ɗora wa karantawa. Yadda yake rubutun shi ne, a shafi ɗaya sai ya kawo maganar mai musun Allah da dukkan ƙarfinta, kamar shi ne mai musun, ba ya rage mata komai. A shafi na gaba sai ya warware ta zare-zare. Ya ce haka aka horar da su, wai ba ka da ikon amsa wa mutum sai ka iya faɗin maganarsa fiye da yadda shi zai faɗa. Baba ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ce ai haka littattafansu suke, a kawo “in an ce”, sannan a biyo da “sai mu ce”.

Ni kuwa ina tsakiya kamar rediyo, a kunna ni a kashe ni. In na gama shafi ba wanda ke tambayar ra'ayina. Kishi nake ji, Edita, kishi tsirara. Baƙo, wanda ba addininmu ɗaya ba, ya samu a wata biyu abin da na yi shekara talatin ina jira. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da Baba ya ce, a gaban yayyena, wannan baƙon yana da kai, sannan ya juyo ya tambaye ni yaya aka yi ni da na yi boko iri ɗaya da nasa ban taɓa kawo masa tambaya ko ɗaya ba. Wataƙila gayyata ce yake yi mini. Ni dai a ranar mari na ji.

A wannan Asabar ɗin malamin ya bar littafin a zaure don a ƙarasa karanta wa Baba wani babi. Da aka fita sallar la'asar na dawo da wuri, babu kowa a zauren, na buɗe shafin da ya fi kowane zafi, inda aka rubuta da hannunsa cewa tunda kimiyya ta bayyana ruwa da tsiro da haihuwa, babu sauran aikin da ya rage wa wani Mahalicci, mutane ne suka ƙirƙire shi saboda tsoro. Na ɗauki hotonsa da wayata. Amsar tana shafi na gaba, na san da ita, ni na karanta ta da bakina awa ɗaya kafin nan. Ban ɗauke ta ba. Ranar Lahadi na nuna wa wani uban ɗalibi da na san yana da zafin kai, na yi fuskar damuwa, na ce ban san abin da ake koya wa 'ya'yanmu ba, kuma don Allah kada ya ce daga wajena ya ji. Na gaya wa kaina cewa iyakarta a yi wa malamin canjin makaranta. Ƙarya nake yi wa kaina, don na san garinmu, na kuma san abin da irin wannan takarda ke iya jawowa.

Kafin Talata hoton ya zaga wayoyin iyaye. Ranar Talatar da hantsi mutane suka taru a ƙofar makaranta, wasu da sanduna. Shugaban makarantar, Allah ya saka masa, ya kulle malamin a ɗakin ajiye kayan gwaji, ya fita yana ba mutane haƙuri, sannan aka fitar da shi ta baya aka cusa shi cikin motar albasa mai zuwa Sakkwato, a tsakanin buhuna. Ko kayansa bai ɗauka ba. Na hango shi lokacin da ake tura shi ciki, takalminsa ɗaya ya faɗi. Ina tsaye cikin malamai ina salati tare da su, kuma sai na faɗi gaskiya, na ɗan lokaci wani sanyi ya ratsa zuciyata.

Labari ya kai Wurno a ranar. Wani mai ɗaukar karatu daga Rabah ya karanta wa Baba hoton daga wayarsa, kafin ya kai ƙarshe Baba ya tare shi ya ce wannan ai “in an ce” ne, ina “sai mu ce” ɗin. Ya aika a kira ni. Na same shi shi kaɗai, littafin na kan cinyarsa. Ya ce mutum uku ne suka san abin da ke cikin littafin nan, ɗaya ba ya gani sosai, ɗaya kuwa ba zai kai kansa mahalaka ba. Sannan ya ɗago ya ce, “Mi yay yi maka?” Gaskiyar ita ce bai yi mini komai ba.

Washegari tsohon da ya yi shekaru bai bar Wurno ba ya sa aka ɗauko masa mota zuwa Goronyo. Aka tara iyaye da malamai, ya zauna, ya miƙo mini littafin ya ce in karanta shafin da kowa ya gani, sannan in juya in karanta na gaba. Na karanta duka biyun. Da na gama ya ce shi ya saurari littafin nan daga farko, mutumin ba musulmi ba ne kuma bai taɓa cewa shi musulmi ne ba, amma a wannan shafin kare imani da Allah yake yi, kuma wanda ya yanko rabin maganar ya yaɗa shi ne azzalumi. Bai kama sunana ba. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce duk da haka gara da ya tafi. Uban ɗalibin nan ya dube ni, ya tofar da yawu gefe, ya fita.

Malamin bai dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba. Baba bai sake ɗaga maganar ba, bai fasa amsa gaisuwata ba, amma daga ranar ko wasiƙa aka kawo masa ƙanena yake kira ya karanta, ko da ina zaune a wurin. Haka muka yi shekara biyu har Allah ya karɓi abinsa. Sai bayan an yi sadakar bakwai na sami ƙarfin neman lambar mutumin. Na faɗa masa ni ne na ɗauki hoton. Ya ce ya sani tun yana cikin motar albasa. Ya ce ya bar koyarwa, bai kuma sake rubuta ko layi ɗaya ba, don duk lokacin da ya ɗauki biro sai ya ji hayaniyar ƙofar makarantar nan. Ya ce ya yafe mini, ko da yake ya daɗe kafin ya iya. Sannan ya tambayi lafiyar Baba. Da na gaya masa, sai ya fashe da kuka a waya kamar ƙaramin yaro, yana cewa bai samu ya yi masa godiya ba. Kuma Edita, ko a wannan lokacin sai da wani abu ya soke ni a ƙirji, don na ji kukansa ya fi nawa fitowa daga zuciya.

Abin da na koya shi ne kishi ba ya zuwa da sunansa. Nawa da rigar kishin addini ya zo, alhali wanda ya fi ni sanin addinin nesa ba kusa ba bai ga abin tsoro a tambayar ɗaliba ko a littafin baƙo ba. Ni ne matsoracin, kuma na kusa sa a kashe mutum don mahaifina ya yi dariya da shi. Ina kira ga malamai 'yan uwana, in ɗalibi ya tambaye ku yadda kimiyya da imani za su zauna wuri ɗaya, kada ku daka masa tsawa, ku ce ba ku sani ba in ba ku sani ba, ku je ku tambaya. Ga sauran masu karatu kuwa, duk wanda ya nuna muku hoton rubutun wani a waya yana yi muku fuskar damuwa, ku tambaye shi abin da ke shafi na gaba, ku kuma tambayi kanku abin da ke tsakaninsa da mai rubutun. Ni mutumin ya yafe mini. Baba kuwa ban taɓa buɗe baki na roƙe shi ba, ina ta jiran ranar da zai sauko, har aka kai shi makwancinsa.