Kukan da Yaya Ummaru ya sa a farkon zare

Shekara arba'in da bakwai ke nan da rasuwar yayana Ummaru, amma bana ne na ji kamar an sake binne shi.

Zamanin da kuɗin mai ya shigo, soja na mulki, an kawo wata na'ura ofishin sadarwar da yake aiki. Ita ce ke juya muryar mutum ta koma lambobi, a can wani gari kuma a mayar da lambobin murya. Aikin Yaya shi ne saita ta. Kullum da safe sai ya tura mata wani siririn kuka wanda an san ma'auninsa, ya duba ko ya dawo yadda ya tafi. In ya kauce, ya murɗa har ya zauna daidai. Zafin Sakkwato kuwa ba ya barin na'ura ta zauna lafiya, kafin La'asar ta sake kaucewa. Yakan ce in ba ka da abin da ka tabbata da shi, to duk saitinka kame-kame ne.

Ran sunan ɗiyarsa Hadiza a gidanmu na Ƙofar Rini, ya aro rikoda mai zare don ya ɗauki addu'ar da zai yi mata. Kafin ya buɗe baki sai da ya ɗauki wannan kuka a farkon zaren. Muka yi ta dariya, Inna ta ce, "Ummaru, sauro ka gayyato suna?" Ya ce wanda zai saurara nan gaba da shi zai saita tasa na'urar. Hadiza ba ta fara rarrafe ba mota ta kife da shi a hanyar dawowa daga aiki.

Zaren nan na wurina tun lokacin, cikin adakar Inna. Bana Hadiza, wadda yanzu har jika gare ta, ta matsa lallai sai ta ji muryar ubanta. Na kai wa wani mai gyaran rediyo a Runjin Sambo, wanda ke juya tsofaffin kaset zuwa waya. Mutumin kirki ne, ya yi ƙoƙari har ya tada wata tsohuwar rikoda. Da ni da Hadiza muka koma karɓa ya ce farkon zaren ya tsatstsage, kuma ba komai a ciki sai ƙarar banza, don haka ya yanke ya yar.

Na ce to ya sa mana abin da ya rage mu ji.

Ya kunna mana. Murya ta fito siririya tana sauri kamar ana korar mai ita. Ya rage gudu, ta koma kauri irin na tsoho mai mura. Ya ce, "Baba, tsohuwar rikoda ba ta da tabbas. Kai ka san shi, in na zo daidai ka tsai da ni." Ya yi ta murɗawa, sama, ƙasa, ni kuma ina ta kasa kunne.

Da Yaya na raye ban san abin da zai ce da zamanin nan ba. Kowa da na'urar juya murya a aljihu, mai saurin da tasa ba ta taɓa mafarki ba, amma wa ya damu ko abin da ya fito shi ne ya shiga? Ba na ganin laifin mai gyaran. Ba wanda ya taɓa gaya masa amfanin kukan nan, kuma waɗanda suka sani ƙasa ta rufe su.

Kalmomin addu'ar suna nan, ba ko ɗaya da ta ɓace, Allah Ya karɓa. Mai addu'ar ne babu. Na ɗauka muryarsa na ajiye a kunnena, ashe shekaru sun kautar da ita tuntuni, ni kuma ba ni da abin gwadawa.

Hadiza ta riƙe hannun rigata, idonta cike da hawaye, ta ce, "Baffa, nan ne? Hakanan muryatai take?"

Na ce, "Ɗiyata, ban sani ba."