Ranar Da Inna Ta Faɗi Sunana

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Haka gidanmu yake tun kakanni suna bin shanu, kafin mu zauna noma a Kutama. "Kai wannan" nake a bakinta har furfura ta fara fito mini. Ina ƙarami abin yana ci mini rai, ina jin tana kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa sai dai nuni da haɓa.

Daminar da ta biyo bayan rasuwar Baba, wata ƙungiya ta kawo tallafin taki Gwarzo, na matan da mazansu suka rasu. Masarar Inna ta riga ta fara yin rawaya. In ba ta samu buhun nan ba, noman shekarar ya tashi a banza.

Kafin rabo, jami'insu, wani matashi mai gilashi, ya tara mu a rumfa ya yi mana karatu. Ya ce bana ba mutum ne zai tantance ba, ƙirƙirarriyar basira ce a cikin wata ƙatuwar waya, kuma amintacciya ce. Sai ya shiga zuba kalmomi. Adalci, wai ba ta san ɗan wane ba. Kariya, ba mai karɓe rabon wani. Sa idon ɗan Adam, wato shi, in ta kuskure ya gyara. Akwai ma damar ƙorafi. Har da masu tafi.

Layi ya zo kan Inna. Na'urar ta gaishe ta da Hausa mai sanyi, ta duba fuskarta, sannan ta ce, "Faɗi sunan magajinki." Sunana ne aka sa tun ranar rajista.

Inna ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ni ne ɗan farinta," na ce wa jami'in. "Bari in faɗa."

"A'a, Malam, ai kariyar ke nan. Muryarta ake so. In kowa zai yi magana a madadin tsohuwa, an cinye su."

"To ka wuce da ita mana. Kai ka ce kana sa ido."

"Ina sawa. Ba ka ga ina kallo ba?"

Aka yi dariya. Inna ta nuna ni ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ɗan nan, ga shi tsaye. Shi ne."

"Ban gane ba," in ji na'urar. "Sake faɗi."

Wata daga baya ta ɗaga murya, "Haba Inna, rana tana dukanmu! Suna ne, ba garwashi ba."

Na ce mata mu tafi, zan nemo taki ko ta halin ƙaƙa. Ta san ba ni da halin. Ta matsa kusa da wayar ta yi raɗa. Na'urar ta ce ta ɗaga murya. Sai ta ɗaga, sunan ya fito a karye, rabi magana rabi kuka. Wata ta kwaikwaye ta nan take, rumfa ta ɗauka. Na'urar ta ce ta gode.

Matar da ke bayanmu mura ta dishe mata murya. Jami'in bai ko bari ta wahala ba, ya taɓa wayar da yatsa ɗaya, ta wuce. Ashe hanyar tana nan. Raina ya ɓaci, na ce ina da ƙorafi. Ya tura mini wayar ya ce, "Bismilla, faɗa mata."

Na ɗaure buhun a bayan babur, muka kama hanyar gida. Muka isa ƙofar gida. Inna tana sauka ta ce, a hankali, fuskarta a bango, "Ka yafe mini."

Ni take roƙo gafara. Na tsaya riƙe da babur, ta shige ciki.